Ku Tambayi Goggo: "Ɗan riƙe min shi" ya koma wata biyar

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Saƙonnin wannan fitowar kusan duk kan yara ne da masu zama dasu in uwa ta fita, shiyasa na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambayar gado da rikicin kuɗin haya kuyi haƙuri sai ta gaba insha Allah.

TAMBAYA: Salam Goggo dan Allah ki raba mana gardama. Ni ina gidan haya a Aboabo nan Kumasi ina ɗinki a baranda, maƙwabciyata ɗaki ɗaya ne tsakaninmu tana saida kayan yara a kasuwar Kejetia. Ranar farko cewa tayi "Anti ɗan riƙe min shi inje in dawo", yaro ɗan wata takwas, na karɓa hannu bibbiyu, toh Goggo wata biyar kenan kullum ƙarfe bakwai zata turo ƙofa ta aje min shi da fida da pampas biyu sai bayan magariba wani lokacin ma har isha'i. Rannan wajen suna naji tana gaya ma mutane wai "ɗan duba mata shi" kawai nake, nace a'a raino nake, tace raino ai sai an ɗauki mutum aiki ana biyanshi, wata tsohuwa kuma ta sa baki tace wannan ai riƙo ne. Wai menene sunan abinda nake yi? Kuma in nace na gaji nayi laifi?
Daga mai keken ɗinki, Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Raino kike yi, ko tantama babu, kuma maƙwabciyar taki ta sani sarai, shiyasa ma take rage masa suna a gaban mutane.

Akwai "riƙe min", akwai "duba min" ko "sa min ido". Wannan na ɗan lokaci ne, mace zata shiga wanka ko ta leƙa famfo ko ta tsallaka titi sayen gawayi sai ta miƙo miki yaro. Ba'a biya, godiyar ma bata wuce sannu ba, don gobe kema zaki miƙa mata naki. Yadda zaki gane shi, uwar bata yi nisan da in yaro ya tsala ihu ba za'a iya ƙwala mata kira ba, kuma cinsa da wankinsa basu hau kanki ba. Ranar da aka haɗo miki da fida da pampas da kayan canji a leda, toh an wuce nan wurin tuni.

Raino kuwa, wasu su rubuta reno duk ɗaya ne, shine ki tsaya a madadin uwa na wani yanki na yini, ki goya ki bashi koko ki wanke kashi ki lallaɓa shi yayi barci, har ki san kukan yunwa daban da na zafin jiki, da yamma ki miƙa ma mai shi. Kuɗi ba sharaɗi bane ko kaɗan. Kaka tana raino, yaya tana rainon ƙaninta, kishiya ma tana yi in ana zaman lafiya, wa ya taɓa yanka musu albashi? Uwa da kanta raino take, tun yaro bai fito ba ma cewa muke tana rainon ciki. Wacce aka ɗauka aiki ita ake ce ma 'yar raino, inaga a bayan wannan maƙwabciyarki ta laɓe. Kalmar tana da faɗi fa, kina ji a rediyo ana cewa ƙasashe rainon Ingila da rainon Faransa, mu Ghana muna cikin na Ingila har muka karɓi kanmu ranar 6 ga Maris 1957, Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa da suka zagaye mu kuma na Faransa ne. Ko wane irin raino Bature yayi mana wannan kuma zancen wata rana ne.

Riƙo shi daban yake. Yaro ya tare gidanki, nan yake kwana nan yake tashi, jakar kayansa na ƙarƙashin gadonki, ke ce makarantarsa ke ce asibitinsa, in mace ce sau da yawa har sai kin aurar da ita. Mun gaje shi tun kaka da kakanni, ɗan fari da uwa ke kunyarsa a miƙa ma kaka, goggon da Allah bai ba haihuwa ba a bata ɗiyar ɗan'uwanta, wani ma yaye aka kaishi gidan kaka ya zarce bai dawo ba sai da gemu. Duk da haka riƙo baya canza ma yaro uba, Suratul Ahzabi aya ta 5 cewa tayi a kira su da sunan ubanninsu. Toh tsohuwar nan bata faɗi daidai ba tunda yaron ɗakin uwarsa yake komawa ya kwana, sai dai in riƙon ƙwarya take nufi irin na shugaban da ke tsaron kujera kafin mai ita yazo.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Da yawa daga rigimar gidajen hayarmu daga nan take tashi, a shigo da ƙaramar kalma a ɗora babban kaya. Mai bayarwa ba zata ce "inaso kiyi min raino" ba don tasan in ta faɗi haka dole a zauna ayi maganar lokaci da kuɗi, ita kuma mai karɓa kunya ta hana ta tambaya har yaushe, sai a tafi a haka ana murmushi da safe ana ƙunƙuni da rana har ranar da za'a yi ta a bakin famfo kowa ya ji. Ba sai kin faɗa min yadda safiyarki take ba. Kin shimfiɗa yadin mutane kin ɗauki almakashi, yaro ya rarrafo ya kama fedar keke, ki miƙe ki ɗora almakashin saman taga, ki durƙusa kina tsintar fil ɗaya bayan ɗaya kar ya kai baki, ƙarshe ki goya shi ki hau keke kina takawa yana fizgar miki ɗankwali, mai kaya tazo da azahar ta tarar riga ba hannu ta tafi tana mita. Wannan asarar ba wanda yake lissafa miki ita, ita kanta uwar yaron mai yiwuwa bata taɓa kawo ta a rai ba.

Baki yi laifi ba in kince kin gaji. Amma kar ki tare ta a bakin ƙofa ƙarfe bakwai tana sauri zata kama trotro motar haya, kuma dan Allah banda habaici a status na WhatsApp, wannan ɗabi'ar ta ishe ni da matan yanzu. Ki same ta da daddare bayan taci abinci yaro yayi barci kice, "Maman wane, ɗa na kowa ne kuma yaron nan ya shiga raina, amma ɗinkina yana kwana, zo mu tsara abin nan." Sai ku yanke kwana nawa a sati, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, wa zai kawo abincinsa, in zazzaɓi ya taso da rana wa za'a kira kuma ina katin weyin wato na awon yaro da na inshorar lafiya suke. In kuɗi kike so ki faɗi adadi da bakinki kar kice "duk abinda ya sauwaƙa", don abinda zai sauwaƙa biredi ne a leda ranar Juma'a. Ba abin kunya bane, a Suratul Baƙara aya ta 233 an halatta ma iyaye su ba wata shayarwa su biya ta abinda suka yi alkawari, in ana biyan nono ina ga goyo da wankin kashi. In kuma zuciyarki bata son karɓar kuɗi a hannun maƙwabciya toh ki karɓi lokacinki, kice Alhamis da Juma'a bana karɓa saboda ɗinkin biki, watan azumi kuma gaba ɗaya ki nemi wani wuri. In ma kin ga sam ba zaki iya ba ki bata wa'adin sati biyu, kar ki yanke mata rana ɗaya, itama abinci take nema kuma shago a Kejetia baya jiran kowa.

Ke kuma mai ajiyewa da kike karanta wannan kina cewa ba dake ake ba, dake ake. In kince magariba kizo magariba, in cunkoso ya riƙe ki a hanya ki buga waya.

TAMBAYA: Goggo ni haifaffen Nima ne a Accra Hausata ta Zango ce. Yayar babana da na girma a hannunta ta koma Kano wajen 'ya'yanta, da Sallah na tura saƙo a gurup ɗin dangi nace Allah ya saka ma Hajiya da ta raina ni tun ina ƙarami, sai kowa ya dinga turo dariya ba wanda ya gaya min dalili. Me nayi?
Daga ɗanki a Nima

AMSA: Ɗana ai godiya kayi mata da ta wulaƙanta ka tun kana ƙarami. "Ta raina ni" daga raini yake, wato bata ɗauke ni a bakin komai ba. Wanda kake nufi shine "ta raine ni", daga raino. In suna zaka ambata sai kace ta raini yaro, in kace ta raina yaro ka koma gidan jiya. A baki sautinsu ma ba ɗaya bane, a rubutu ne harafi ɗaya ke kada mutum. In kana tsoron sake zamewa kace "tayi rainona" shikenan ka huta, tunda kuma a ɗakinta ka girma "ta riƙe ni" ma yafi cika. Kar ka wani ji kunyar Hausarka, mu nan da muke ce ma mace "ya zo" tun kakanninmu ai bamu fasa fahimtar juna ba. Ka sake tura mata saƙon da muryarka, in ka samu mai tafiya ka haɗa mata da goro, dama tun zamanin fatake daga nan ƙasar Asante goro ke bi ta Salaga ya isa Kano.

TAMBAYA: Goggo ina wuni. Na haihu wata shida kenan inaso in koma kasuwa, surukata tace zata sa a kawo min yarinya daga wajen Walewale can arewacin Ghana 'yar shekara tara ta riƙa min raino, tace itama haka aka yi mata kuma haka kowa yake yi, iyayen yarinyar ma murna suke don ance za'a riƙe ta a Kumasi. Maigidana ya yarda amma ni raina bai kwanta ba kuma bana so Hajiya taga kamar na raina maganarta.
Daga 'yarki a Asawase

AMSA: Ranki yafi su gaskiya 'yata. 'Yar shekara tara ita kanta raino take nema.

Ki tsaya wata rana a gefen Kejetia ko Adum da tsakar rana ki duba ƙarƙashin inuwar shaguna inda kayayei, mata masu dakon kaya a ka, ke barin 'ya'yansu, waɗanda nan Kumasi ake ce ma paa-o-paa. Zaki ga 'yar ficiciyar yarinya goye da jariri ƙafafunsa na dukan bayan gwiwarta, majanyi ya zame tana ɗan tsalle tana turo shi sama, hannu ɗaya riƙe da ledar ruwa da ita dashi suke tsotsa. Su waɗannan iyaye talauci ne ya kai su bango, kaya ke kansu tun asuba basu da inda zasu aje ɗa, ban zarge su ba. Ke kina da zaɓi.

Ki lura da abinda aka yi da kalma a nan ma. Can ƙauye a gaban iyayenta riƙo aka ce, "zamu riƙe ta", su kuma a ransu makaranta ce da ɗinkin Sallah da aure mai kyau wata rana. Tana sauka a tasha sai ta zama 'yar raino, daga nan wanke-wanke da ɗiban ruwa da talla. Dokar ƙasar nan ma bata yarda ba, dokar yara ta 1998 wato Act 560 ta sa 15 ne mafi ƙarancin shekarun ɗaukar yaro aiki, aiki mara nauyi kuma daga 13, shima wanda ba zai taɓa lafiyarsa ko ya hana shi makaranta ba, ga kundin tsarin mulki na 1992 da ya sa karatun matakin farko kyauta kuma dole. Yini guda da jariri a baya ba aiki mara nauyi bane, duk wacce ta taɓa goyo ta sani.

Kar a ce Goggo ta hana yaya ɗaukar ƙaninta. Duk a haka muka koya, an taso daga makaranta ki goya ƙaninki kuna wasa a tsakar gida inna na tuƙa tuwo tana ganinku. Amma babba yana nan kusa. A bar yarinya ita kaɗai daga safe zuwa yamma a gidan da ke da baho cike da ruwa da kurfoti da wuta da gota a ƙofar gida da kananzir da aka zuba a kwalbar lemo, wannan ganganci ne, kuma in abu ya faru tsoron duka zai sa ta ɓoye har lokaci ya ƙure. Tunda na ambaci kananzir bari in faɗa don naga har yanzu ana yi, in yaro ya sha kar a sa shi amai kar a ɗura masa manja, amai ne ke tura shi cikin huhu, a ɗauke shi sai asibiti, lambar gaggawa kuma 112 ce.

In kina da hali da niyyar riƙe yarinyar nan tsakani da Allah toh ki riƙe ta, boko da makarantar allo, kwano ɗaya da 'ya'yanki, ɗinki iri ɗaya, ta riƙa gaisawa da uwarta a waya. Amma ki sani kin ƙara ɗiya ne, har yanzu kina buƙatar babbar mace da zata zauna da jaririn. In ɗaukar aiki zaki yi ki ɗauki baliga ku rubuta sharuɗɗanku a takarda, tun 2020 akwai ƙa'idar masu aikin gida da ta nemi hakan. Maganar Hajiya kuwa kar ta fito daga bakinki, ɗanta ne zai same ta yace shi ya sake tunani. Wa ya sani ma ko in an roƙe ta da ladabi ita da kanta zata karɓi jikan nata kwana biyu a sati, kakanni da yawa so suke a nema.

TAMBAYA: Salam. Na bar jaririna ɗan wata huɗu wajen faccalata naje asibiti layi yayi tsawo, yayi ta kuka har ya shiɗe sai ta bashi nono tunda itama goyo take, nata mace ce. Da na dawo take faɗa min tana dariya nima nayi dariya amma da na kwanta abin ya tsaya min a rai. Akwai wani abu ne?
Daga maman yaro, Sawaba

AMSA: Akwai, amma ba abin tashin hankali bane in anyi abinda ya dace yanzu. A nan raino ya tsallaka ya zama shayarwa, ita kuma shayarwa tana ƙulla zumunta irin ta jini wajen aure, Suratun Nisa'i aya ta 23 ta lissafa uwayen da suka shayar da ku da 'yan'uwanku mata na shayarwa cikin waɗanda ba'a aure. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, ko sau ɗaya ne in nonon ya isa cikin yaro yana cikin shekara biyun farko toh ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka 'yan'uwansa ne, wanda ta haifa kafin da wanda zata haifa bayan, ba wannan jaririyar kaɗai ba. Shafi'iyya su sai an sha sau biyar. Yayyen yaronki da ƙannensa da basu sha ba hukuncin bai hau kansu ba. Ku je ke da ita wajen malamin da gidanku ke bi ku faɗa masa yadda aka yi.

Abinda yasa nake jan kunnenki, mazajenku wa da ƙani ne, mu kuma mutanen auren zumunci ne. Yau dariya ce, nan da shekara ashirin da wani abu yara sun ga juna sun so, an kai goro an sa rana an yanka anko, sai wata tsohuwa ta tashi daga gyangyaɗi tace kai tsaya, ba wannan ne ya sha nonon wance ba? Ku gaya ma mazajenku da surukarku yau, ki kuma rubuta a bayan wata takarda da ba zata ɓata ba.

Ita faccalar taki kar ki ɓata mata rai, tausayi ne ya sa ta. Manzon Allah SAW kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar dashi a ƙauyen Banu Sa'ad, ɗiyarta Shaima'u na taya rainonsa, kafin nan kuma Suwaiba ta shayar dashi ita da ta shayar da baffansa Hamza, shiyasa da aka yi masa tayin 'yar Hamza yace bata halatta gare shi ba. Sai dai a zamanin nan akwai ɓangaren lafiya, cuta mai karya garkuwar jiki tana bi ta nono, don haka ba kowa ake bari ba ko da 'yar'uwa ce sai an san lafiyar juna. Gaba in zaki fita ki tatsa a kofi mai murfi da aka wanke tas, a zafin garin nan kar ya wuce awa huɗu a waje, ki faɗa da baki kice in yayi kuka ga wannan, ruwa da koko kuma sai ya cika wata shida.

TAMBAYA: Goggo malamar makaranta ce ni, hutun haihuwata ya kusa ƙarewa mamana kuma tana Tamale. Kiresh wato gidan raino zan kaishi ko wata tsohuwa ce a layinmu da take zama da yaran mutane?
Daga Tafo Zango

AMSA: Fara karɓar haƙƙinki tukuna. Dokar ƙwadago ta 2003, Act 651, ta baki aƙalla sati 12, da ƙarin sati 2 in tagwaye ne ko haihuwar tazo da matsala, ban da hutunki na shekara, sannan in kin koma kina da awa ɗaya kullum ta shayarwa har yaro ya shekara. Mata da yawa basa tambayar wannan awar. KG na gwamnati wato ajin share fagen firamare kuma sai shekara 4, kinga tsakanin wata uku da shekara huɗu raino ne kawai ke riƙe da duk ma'aikaciya da 'yar kasuwa a ƙasar nan.

Ni a ganina yaron da bai fara tafiya ba yafi samun hannu wajen tsohuwar da kika san gidanta da halinta, in dai yaran wajenta basu wuce biyu ko uku ba kuma tana da ƙarfin tashi da sauri. In ya fara gudu da surutu gidan raino yafi, zai samu abokai. Duk wanda zaki zaɓa kije ba tare da sanarwa ba da tsakar rana, banda safiya lokacin da aka share aka fesa turare. Ki ƙirga yara nawa ke kan mace ɗaya, hancinki zai gaya miki labarin pampas, ki duba inda ake aje fida ko kowa da tasa. In kin tarar yara goma duk sunyi tsit suna barci lokaci ɗaya ki tambaya da kyau, akwai marasa tsoron Allah da ke ba yara maganin mura mai sa barci don su huta. Kiresh kuma ki nemi ganin takardar izininsu daga Asambili wato majalisar ƙaramar hukuma, doka ta sa sai da ita kuma jami'an Social Welfare ke duba su. Ki faɗa musu ko waye da waye kaɗai zasu iya zuwa ɗaukarsa.

TAMBAYA: Goggo ni namiji ne a yi min afuwa na shigo filin mata. Madam tana zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi ni nake zama da yara biyu, ƙaramin bai shekara ba. Abokaina a bes wajen ataya sun sa min suna mai raino, wani har cewa yake an shanye ni. In daina ne?
Daga direban pragya (keke mai ƙafa uku), Alabar

AMSA: Filin na kowa ne ɗana, zauna. Sunan da suka sa maka daidai ne, raino kake yi, in sun kira ka amsa da ƙarfi. Wanda yace an shanye ka ka tambaye shi ko yafi Manzon Allah SAW mazantaka, shi da yayi sallah ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya aje ta in ya miƙe ya ɗauke ta, hadisin yana Bukhari da Muslim. Abu ɗaya zan gyara maka, kar ka riƙa cewa kana taya Madam, 'ya'yanka ne ba na maƙwabta ba. Kar kuma ka ɗauke su zuwa bes ɗin nan, ga garwashi ga butar shayi a ƙasa ga hayaƙin sigari, ku zauna gida ka kashe ƙwallo a waya ka sa musu ido. Pampas kuma ɓangaren da ke da abin mannewa shine baya.